Ba Ya Jin Magana, Ko Kuwa Ba Ya Ji Ne? Yaranmu Masu Buƙata Ta Musamman A Makarantun Kudu

Shekara biyu ɗan ƙanwata ya yi a wata firamaren gwamnati a nan Agege, kuma duk tsawon lokacin magana ɗaya ce a bakin kowa game da shi: ba ya ji. Malamarsa ta aji ɗaya ta ce ba ya jin Turanci, a yi haƙuri, haka yaran Hausawa suke idan suka shigo, a hankali zai ware. Ta aji biyu ta ce taurin kai gare shi, a kira sunansa ya yi banza da mutane. A gida ubansa ya ce ba ya jin magana, har dorina ya saya dominsa. A Islamiyya kuwa layin baya aka bar shi, yana motsa baki idan yara suna biya karatu.

Kowa ya ce ba ya ji, amma babu wanda ya ɗauki maganar a yadda take. Ashe yaron da gaske ba ya ji. Kunnensa na dama ya kusa mutuwa, na hagun ma rabi da rabi ne. Asalin abin ciwon kunne ne mai zubar da ruwa da ya yi yana shekara uku. Aka yi ta ɗiga masa maganin kemis har ruwan ya tsaya, aka ce ya warke.

Wadda ta gano wata malama ce Bayarabiya, da ya shiga aji uku. Ta lura idan tana magana bakinta yake kallo, idan ta juya tana rubutu a allo kuma sai ya ɓace. Wata rana ta zagaya bayansa ta kira sunansa sau uku, bai waiga ba. Ta aika a kira uwarsa. Ƙanwata ta kira ni da dare ta ce, "Yaya, don Allah gobe ka raka ni makaranta. An ce in je, ban san me ya sake yi ba kuma." Da tunanin zuwa ba da haƙuri muka tafi. Muka dawo da 'yar takarda da aka rubuta mana mu kai shi a duba kunnensa.

Na kawo wannan labari ne saboda yanzu aka koma makaranta, kuma na tabbata a Mile 12 da Idi-Araba, a Sabon Ibadan da na Shagamu, a Ama Hausa ta Owerri da Fatakwal, akwai ɗaruruwan yara irinsa da ke zaune a aji ana ce musu daƙiƙai. Maganar koyar da yara masu buƙata ta musamman tare da sauran yara a makaranta ɗaya ta daɗe ana yin ta a tarukan gwamnati. Mu mazauna Kudu ba mu cika sa baki ba, alhali ta fi shafar mu fiye da yadda muke zato.

Abin da doka ta tanada

A da, tsarin da aka sani shi ne a ware yaron. Makaho a kai shi makarantar makafi, kurma makarantar kurame. Haka aka buɗe makarantar makafi ta Gindiri a 1953, da Pacelli da ke Surulere a nan Legas a 1962, da ta Tudun Maliki a Kano. Sun yi aiki, sun fitar da mutane masu amfani, amma guraben da ke cikinsu ba su kai ko'ina ba idan aka kwatanta da yawan yaran.

A 1994 gwamnatoci 92 suka haɗu a birnin Salamanka na ƙasar Sifaniya ƙarƙashin hukumar UNESCO, suka amince cewa makarantar unguwa ce ya kamata ta karɓi kowane yaro, kuma ita ce za ta gyara kanta ta dace da shi. Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa wannan cikin yarjejeniyar haƙƙin nakasassu ta 2006, wadda Najeriya ta tabbatar da amincewarta da ita a 2010.

Sai a watan Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman. Dokar ta ce suna da haƙƙin ilimi ba tare da an ware su ba, kuma kyauta har zuwa ƙarshen sakandare. Ta ce kowace makarantar gwamnati ta zama wadda za su iya shiga su yi karatu, a samu aƙalla ma'aikaci ɗaya da aka horar don kula da su, a kuma sa rubutun makafi da maganar hannu cikin manhaja. Mutumin da ya nuna wa nakasasshe wariya zai iya fuskantar tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata shida ko duka biyun, ma'aikata kuwa tarar naira miliyan 1. An ba gine-ginen da jama'a ke amfani da su wa'adin shekara biyar su gyara hanyoyin shiga. Wa'adin nan ya cika tun Janairun 2024.

Jihar Legas ma ta riga gwamnatin tarayya. Tun 2011 take da dokarta, wadda ta kafa ofishin LASODA mai kula da harkokin masu buƙata ta musamman. Tun 2003 kuma ta fara buɗe sassa na musamman a cikin makarantun gwamnati na yau da kullum, har yawansu ya haura 40 tsakanin firamare da sakandare.

To kun ga, uban da hedimasta ya ce wa "ba mu ɗaukar irin waɗannan yaran" yana da inda zai tsaya. Matsalar ita ce yawancinmu ba mu san akwai dokar ba, wanda bai san haƙƙinsa ba kuwa godiya yake yi ya juya.

Inda takarda ta rabu da aji

Kada wani ya ɗauka tunda doka ta faɗa shi ke nan. Ranar da muka je makarantar ɗan ƙanwata na ƙirga yaran ajinsa da idona, sun haura saba'in, malama ɗaya. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malamin firamare ɗaya yara 35, a ajin masu buƙata ta musamman kuwa yara 10. Malamar da ke fama da saba'in, ga zafi, ga hayaniyar titi, idan ta kasa gane cewa yaro ɗaya a layin baya ba ya ji, ban ga yadda zan kira ta muguwa ba. Wadda ta gane ɗin ce ta yi abin a yaba.

Sai maganar malamai masu horo. Kwalejin ilimi ta tarayya da aka keɓe don wannan fanni ita ce ta garin Oyo, wadda aka kafa a 1977. Jami'o'i irin su ta Ibadan da ta Jos da Bayero ta Kano suna da sassan da ke koyar da shi. Amma a lissafa makarantun firamaren gwamnati da ke ƙasar nan, dubbai ne a kan dubbai, sannan a tuna doka ta ce kowace ɗaya ta samu mutum guda mai horo. Ko duk waɗanda aka yaye an ɗauke su aiki da wuya su isa, ballantana da yawansu suna zaune ba aiki, wasu kuma an tura su suna koyar da wani darasi dabam.

Kuɗi ma haka. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ware kashi 2 cikin 100 na asusun kuɗin shigar gwamnatin tarayya ga hukumar UBEC. A cikin abin da hukumar ke samu, kashi 2 cikin 100 ne rabon ilimin masu buƙata ta musamman. Wato a kowace naira ɗari, naira biyu, kuma ita za a raba wa jihohi 36 da Abuja. Da ita ake son a sayi injin rubutun makafi, da na'urar ƙara ji, da keken guragu, a kuma gyara banɗaki.

Su kansu sassan na musamman da Legas ta buɗe, wanda ya leƙa zai ga sau da yawa ɗaki ne guda ko biyu a gefen makaranta, an haɗa kurma da mai galahanga da mai jinkirin fahimta wuri ɗaya. Harabar ɗaya ce da ta sauran yara, amma cuɗanyar ba ta wuce taron safe ba. Duk da haka ya fi zaman gida nesa ba kusa ba. Sai dai wannan adadin sassan a gari mai girman Legas na nufin yawancin iyaye sai sun shiga mota. Tun da aka hana acaba a manyan ƙananan hukumomi a watan Yunin 2022, aka kuma cire tallafin mai a watan Mayun 2023, kuɗin kai yaro da ɗauko shi kullum ya fi ƙarfin mai tura baro ko mai sayar da albasa a faranti. Na san uwar da ta cire ɗiyarta saboda wannan kaɗai.

Makarantun kuɗi kuwa, wasunsu za su karɓi yaron amma su ce sai ka ɗauko malamin da zai riƙa zama kusa da shi a aji, kai za ka biya albashinsa ban da kuɗin makaranta. Mutum nawa ne a cikinmu zai iya?

Abin da ya bambanta yaronmu da na maƙwabta

Duk abin da na lissafa ya shafi ɗan Bayarabe da ɗan Ibo kamar yadda ya shafi namu. Amma akwai wani nauyi da yaron Bahaushe ke ɗauka shi kaɗai, shi ne harshe.

Yaronmu yana tashi da Hausa a gida. Ya shiga aji a koyar da shi da Turanci. A filin wasa Yarabanci ake yi ko Ibo ko Turancin buroka. A Legas ma tun 2018 doka ta wajabta koyar da Yarabanci a makarantu. Da yamma ya tafi Islamiyya ya haɗu da Larabci. Yaro mai cikakkiyar lafiya ma sai ya yi watanni yana shiru kafin bakinsa ya buɗe. Malamai sun saba da wannan shirun, shi ya sa idan yaron Bahaushe bai amsa ba, amsar a shirye take: bai iya Turanci ba tukuna. A ƙarƙashin wannan uzuri ne kurumta ke ɓuya, da raunin gani, da matsalar gane haruffa, har shekara biyu ko uku su wuce. Shekarun nan kuwa su ne waɗanda yaro ke koyon karatu da rubutu a cikinsu. Wanda ya rasa su yana shan wuya kafin ya kamo.

Kuskuren yana faruwa ta ɗaya gefen ma. Yaro lafiyarsa ƙalau, an kawo shi daga Kano ko Sakkwato yana shekara tara, yana da haddar izu biyar a kansa, amma saboda bai iya amsa tambaya da Turanci ba sai a rubuta cewa ƙwaƙwalwarsa ba ta ja. Duk gwajin da za a yi wa yaro da harshen da bai iya ba, harshen ake gwadawa.

Hatta kurame abin bai bar su ba. Kuramen ƙasar Hausa suna da maganar hannunsu ta gargajiya, wadda suka gada tun kafin zuwan boko. Wadda ake koyarwa a makarantu kuwa ta samo asali ne daga ta Amurka, ta hannun Andrew Foster, wani kurma baƙar fata Ba'amurke da ya buɗe makarantar kurame a Ibadan a 1960. Saboda haka yaron da ya saba da alamun gida zai tarar da wasu dabam a makaranta, ya koyo su ya dawo gida babu mai gane shi. Idan ba a samu ko mutum ɗaya a gidan da ya koyi ta makarantar ba, yaron yana zama baƙo a ɗakin uwarsa.

Ga kuma uwa, wadda ita ce ta fi kowa sanin yaron. Ita ta san yaushe ya fara tafiya, yaushe ya yi zazzaɓin da ya sanƙare masa wuya, me ke sa shi kuka. Amma ba ta jin Turanci, malama ba ta jin Hausa, uba yana kasuwa tun asuba. Bayanin da zai ceci yaron yana nan a gida, ba shi da hanyar isa makaranta.

Namu laifin

Ba zan ɗora wa gwamnati da malamai komai in wanke mu ba. Mu ma muna da hannu.

Na farko, ɓoyo. Gidaje nawa ne a unguwanninmu ake da yaron da maƙwabta suka san da shi amma ba su taɓa ganinsa a waje ba? Ana jin kunya, ana tsoron a ce abin a jininsu yake, 'yan'uwansa mata su rasa mijin aure. Yaron da aka haifa da matsalar ƙwaƙwalwa har yau akwai masu ce masa ɗan ruwa. Mai farfaɗiya a ce iska ce, yara su gudu idan ta tashi, alhali ba a ɗaukarta, kuma akwai maganin asibiti da ke kwantar da ita har yaro ya yi karatunsa lafiya. Ban hana kowa addu'a da rubutu ba, ni ma ina yi. Amma a haɗa da asibiti.

Na biyu, mun riga mun yanke wa nakasasshe sana'a tun yana goye. Duk wanda ya san Okobaba a Ebute Metta, ko ya tuna yadda gwamnatin Oyo ta kwashe mabarata daga wajen Sabo da Mokola zuwa Akinyele a 2021, ya san yawancin waɗanda abin ke shafa namu ne. Mutanen gari sun saba ganin makaho ko gurgu Bahaushe a bakin titi da kwano, har ba sa tsammanin ganinsa a aji. Mu ma mun saba. Idan uba yana ganin ƙarshen yaron bara ne, me zai sa ya kashe kuɗin mota? Alhali hukumar JAMB tun 2017 take da wani rukuni na musamman da ke shirya wa makafi jarrabawar shiga jami'a, kuma kowace shekara suna rubutawa suna samun gurbi.

Na uku, ba mu zuwa taro. A je taron iyaye da malamai a makarantar da kusan rabin ɗalibanta yaranmu ne, da ƙyar a ƙirga hula biyar. A wurin nan ne ake yanke shawarar wane aji za a gyara, wa za a sa a kwamitin kula da makaranta. Wanda ba ya nan, ba a rabo da shi.

Na huɗu, makarantunmu na kanmu. Islamiyyu da makarantun al'umma da muka gina da kuɗinmu, nawa ne a cikinsu keken guragu zai iya shiga? Nawa ne malaminsu ya san abin da zai yi da yaro mai in'ina ban da tsawa? Muna karanta tarihin Abdullahi ɗan Ummu Maktum, makahon sahabin da ya yi ladanci, aka kuma sha barin Madina a hannunsa, muna kuma sanin dalilin saukar Suratu Abasa. Bai kamata a ce makarantar gwamnati ta fi tamu sakin fuska ga makaho ba.

Me ake nufi da tallafi a cikin aji?

Mutane da yawa idan suka ji wannan magana sai hankalinsu ya tafi kan na'urori masu tsada. Akwai yaran da ke buƙatar su, gaskiya ne. Amma mafi yawan abin da ke canza rayuwar yaro a aji ba ya cin ko kwabo.

Ɗan ƙanwata, kafin ma a yi maganar na'ura, abu uku malamar ta yi. Ta dawo da shi layin gaba, ta ɓangaren da kunnensa mai ɗan ji zai fuskance ta. Ta daina magana tana kallon allo. Ta kuma haɗa shi da wani yaro da ke nuna masa shafin da ake kai. Cikin zango ɗaya ya fara ɗaga hannu.

Zabiya matsalarsa a aji raunin gani ce da zafin rana. Yana buƙatar zama kusa da allo, rubutu manya, a bar shi ya sa hula da riga mai dogon hannu ko da ba sa cikin kayan makaranta, kada a tsayar da shi a rana da sunan horo. Mai sikila, wadda Najeriya ta fi kowace ƙasa yawan masu ita, yana buƙatar a bar shi ya sha ruwa ya fita banɗaki duk lokacin da ya nema, kada a tilasta masa gudu, idan ya kwanta asibiti kuma a ba shi damar rama abin da ya wuce shi maimakon a ce ya maimaita aji. Mai farfaɗiya yana buƙatar malamin da ya san cewa idan ta tashi a kwantar da shi ta gefe, a kawar da abin da zai ji masa ciwo, kada a cusa masa cokali a baki. Wanda shan inna ta taɓa, buƙatarsa ajin ƙasa ne maimakon bene, da gangaren siminti a bakin ƙofa, da banɗakin da zai iya shiga. Yaron da haruffa ke rikice masa amma yana da kaifin baki, a riƙa yi masa wasu tambayoyin da baki, a ƙara masa lokaci a jarrabawa. Mai galahanga kuwa ya fi natsuwa idan tsarin yini bai cika sauyawa ba, aka rage masa hayaniya, aka riƙa ba shi umarni ɗaya bayan ɗaya.

Duk waɗannan suna farawa ne daga abu guda, wato a san me ke damun yaron. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 60 cikin 100 na kurumtar yara ana iya kauce mata. Ƙyanda da sanƙarau da shawarar jarirai da ciwon kunne da aka yi sakaci da shi suna cikin manyan dalilai. Asibitocin koyarwa suna da sashen kunne da hanci da maƙogwaro da na ido. LUTH a tsakiyar Idi-Araba take, UCH ba ta da nisa da Sabon Ibadan. Muna wucewa ta ƙofarsu kullum.

Makarantar kowa ko ta musamman?

Akwai masu cewa a daina wahalar da yaran, a kai su inda aka tanada dominsu. Maganarsu tana da ƙamshin gaskiya. Yaron da ba ya ji kwata-kwata, idan aka ajiye shi cikin saba'in babu mai maganar hannu, an ba shi benci ne kawai. Irin wannan ya fi samun harshe da abokai a cikin 'yan'uwansa kurame. Makaho ma yana buƙatar wanda zai koya masa rubutun makafi da tafiya da sanda kafin ya iya gogayya da sauran ɗalibai. Yaron da nakasarsa ta yi tsanani yana buƙatar kulawar da ajin gama-gari ba zai iya bayarwa ba.

Amma waɗannan su ne 'yan kaɗan. Mafi yawan yaran da nake magana a kansu irin ɗan ƙanwata ne: suna ji kaɗan, suna gani kaɗan, suna ɗingishi, suna da jinkiri. Babu makarantar musamman da za ta ɗauke su duka, kuma ba sa buƙatarta. Ga mu mazauna Kudu akwai ƙarin dalili. Uwa Bahaushiya da wuya ta yarda ta kai ɗanta ɗan shekara shida makarantar kwana a wata unguwa mai nisa, cikin mutanen da ba ta jin harshensu, tana tunanin sallarsa da abincinsa. Mayar da shi Arewa wurin kaka kuma sau da yawa ƙarshensa zaman gida ne. Saboda haka a zahiri zaɓin da ke gabanmu shi ne makarantar unguwa ko babu makaranta. Shi ya sa gyaran makarantar unguwa ya zame mana dole.

Abin da za mu iya yi a wannan zangon

Ga iyaye, duk yaron da malamai biyu a jere suka yi ƙorafi a kansa, a ajiye bulala a gwada idonsa da kunnensa tukuna. A karɓi takardar likita a kai wa shugaban makaranta, a riƙe kwafi. Idan makarantar gwamnati ta ƙi karɓar yaro saboda nakasa, a nemi a rubuta dalilin a takarda, a wuce ofishin ilimi na ƙaramar hukuma ko hukumar SUBEB ta jihar, a Legas kuma har LASODA. Sau da yawa neman a rubuta ɗin kaɗai yana sauya magana. Kada a tafi da faɗa, kuma kada a tafi shi kaɗai, a ɗauki wanda ya iya Turanci ko harshen garin.

Ga sarakunan Hausawa da shugabannin kasuwanni da ƙungiyoyin matasa, ku ne kuka san gida-gida. Abin da ya fi sauƙi shi ne a ƙirga yaran. A san a Agege ko Shasha ko Ogbete yara nawa ne ke zaune a gida saboda nakasa, shekarunsu nawa, me ke damun su. Wanda ya je wurin shugaban ƙaramar hukuma da sunaye arba'in a takarda yana neman a buɗe sashe a makarantar unguwa, ba a sallamarsa kamar wanda ya je da baki. Haka nan a samu matasa biyu ko uku, musamman mata, da za su riƙa yi wa uwaye tafinta a makaranta da asibiti. Idan ana tara kuɗin gyaran masallaci da na maƙabarta, ana iya tara na motar da za ta kwashi yara goma ta kai su ta dawo da su.

Ga masu hali a cikinmu, ɗaukar nauyin yarinya ɗaya ko yaro ɗaya daga unguwa zuwa kwalejin Oyo ya karanto wannan fanni zai samar mana da abin da ba mu da shi yanzu, wato malami mai horo da ke jin Hausa. Ga masu Islamiyyu kuma, buhun siminti biyu ya isa gangare a bakin ƙofa, zama ɗaya da ma'aikacin lafiya ya isa malamai su san alamun da za su riƙa lura da su.

'Yan siyasa za su zo neman ƙuri'a kamar yadda suka saba, da buhunan shinkafa da atamfa. Wannan karon a tambaye su wace makaranta ce a mazaɓar take da malami mai horo, kamar yadda dokar 2019 ta ce.

Ɗan ƙanwata yanzu yana aji biyar. An samu na'urar ƙara ji ta kunne ɗaya bayan dangi sun yi karo-karo, batirinta ma wani aiki ne. Har yanzu yana bayan tsaransa a Turanci, amma a lissafi yana cikin na gaba. Ubansa, ranar da likita ya nuna masa sakamakon gwajin, bai ce komai ba har muka fito bakin titi. Can ya ce min, "Yaya, duk dukan da na yi wa yaron nan, ashe bai ma ji abin da nake cewa ba." Ban samu abin da zan ce masa ba.

Akwai irinsa a layinku. Allah Ya ba mu ikon lura da su tun da wuri, Ya shirya mana zuriya baki ɗaya.